Cibiyar Atong

Naban, Disamba 1996

Yaya Shuyin,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai. Mu nan da sauƙi. Inna tana fama da gwiwa, amma ba ta fasa zuwa gonar rake ba, don a ganinta duk ƙauyen nan babu wanda ya iya sara sai ita.

Na san za ki juya ambulan ki ce wane ne kuma Nong Dehai. Kakana na wajen uba ƙanen kakarki ne, mai gida a bakin rafi. Rabonmu da haɗuwa tun bikin sharar kaburbura na shekarar da kika zo da mahaifiyarki, kika kama ni ina satar jar shinkafa daga kwanon da ake ajiye wa kakanni, kika murɗe min kunne. Yanzu ni ke koyar da lissafi a firamaren ƙauye, kunnen kuma ya warke.

Ba zumunci kaɗai ya sa na ɗauki alƙalami ba, gara in faɗi gaskiya. Ɗana Atong ya rasu bara, bai cika shekara huɗu ba. Tun yana rarrafe ya fara ɗashewa, cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa suka tsotse. A asibitin Baise suka ce cutar ƙarancin jini ce ta gado. Muka yi ta kai shi ƙarin jini har jikinsa ya gaji. Ni na goya shi zuwa tudu na binne, don ba a sa yara a kaburburan dangi.

Yanzu matata Baozhu tana da shigar ciki. Inna har ta yanka kaza, amma ita Baozhu ko murmushi. Na ce, "Maman Atong, ki ci abinci mana." Ta ce, "In ci in ciyar da wa? Wanda za ka sake goyawa tudu?"

An ce a Guangzhou kina aiki a ɗakin da ake duba irin wannan tun yaro yana ciki. Ki gaya min abin da za mu yi. Tsoro nake ji, Yaya, kuma babu wanda zan gaya wa a gidan nan.

Ƙanenki,
Dehai

Guangzhou, Disamba 1996

Dehai,

Na tuna ka sarai, ɓarawon kakanni. Ina lafiya, sai dai idona ya fara neman tabarau. Ka gaida Inna, ka ce ta bar wa yara raken. Rasuwar Atong ta taɓa ni, ban ji ba sai a wasiƙarka. Ka karanta wa Baozhu wannan a hankali, kada ka yi mata irin gudun da kuke yi wa ɗalibai.

Kowane mutum yana ɗauke da rubutun gadonsa, kwafi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Yana cikin jini, yana cikin nama, ko ya bushe yana nan. Rubutun nan igiya ce mai zare biyu a murɗe, kuma zare ba ya mannewa sai da abokinsa da ya dace da shi harafi da harafi. To mu sai mu ƙera guntayen zare, kowanne daidai da wani kuskure da aka sani yana jawo ciwon nan. Muna ce musu ƙugiya. Guda goma sha bakwai ne, a jere kan wata 'yar siririyar takarda. Mu ciro zaren mutum daga jininsa, mu yawaita shi, mu zafafa shi ya warware, sannan mu jiƙa takardar a ciki cikin ruwan ɗumi. In yana da kuskuren, zai manne da ƙugiyarsa, wanki ba ya cire shi, sai shuɗin ɗigo ya fito a wurin.

Mai kuskure ɗaya lafiyarsa ƙalau, yana iya tsufa bai sani ba. Ciwo irin na Atong ba ya samuwa sai yaro ya karɓi kuskure daga uwa, ya kuma karɓi wani daga uba. Don haka ku za mu fara dubawa. In mun san irin naka da irin nata, sai mu san abin da za mu nema a cikin.

Ga takardar tsotse jini guda biyu nan. Ku je wurin nas ta huda muku yatsa, ku ɗiga a kai, ku shanya a inuwa. Ka rubuta suna a kowacce, kada ka haɗa su wuri ɗaya kafin su bushe.

Yayarka,
Shuyin

Guangzhou, Janairu 1997

Dehai,

Gaisuwa a gurguje, da fatan kowa lafiya. Ana shirin rufe ɗakin gwaji don hutun sabuwar shekararmu ta kalandar wata, aiki ya yi mana yawa.

Jininku ya iso da kyau. A takardar Baozhu ɗigo ya fito, irin kuskuren da ya fi yawa a yankinmu. A taka babu ɗigon kuskure ko ɗaya, ƙugiyoyinmu ba su kama komai ba. Na maimaita, haka ya sake fitowa. Zan ƙara dubawa bayan hutu, in rubuto maka dalla-dalla.

Ka sa ta riƙa cin ƙwai da ganye. Barka da shekara tun yanzu.

Shuyin

Naban, Janairu 1997

Yaya Shuyin,

Da fatan kina lafiya. Mu ma lafiyar jiki muna da ita. Gida ya cika da hidimar sabuwar shekara, an yanka alade, Inna tana ta goge teburin kakanni.

Wasiƙarki ta iso, na karanta ta har ta fara yagewa a wurin ninki. Yaya, ni malamin lissafi ne, abin da na iya ke nan a duniya. Ke kika ce biyu ake buƙata, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Baozhu tana da ɗaya. Ni ba ni da komai, har maimaitawa kika yi. To na biyun da ya kashe yaron daga ina ya fito?

Shekarar da aka samu cikinsa ina Baise wurin ƙaro karatu, sai hutu nake zuwa gida. Lokacin kuma masu sayen rake sukan kwana a ƙauyen nan. Ban taɓa kawo komai a raina ba. Yanzu kuwa ba abin da ba na kawowa. Har fuskarsa nake tunowa in nemi tawa a ciki, in rasa. Ina kallon cikin da ke jikinta, ban san abin da zan ji ba.

Na yi ƙoƙari in haɗiye, na kasa. Shekaranjiya tana naɗe shinkafa a ganye na zauna kusa da ita, na jera mata lissafin yadda na jera miki. Ba ta ɗago ba. Ta ɗaure wanda ke hannunta, ta ce, "Sake faɗa." Na sake. Ta ce, "Yaron da ya mutu yana riƙe da yatsanka?" Na ce ni ba zarginta nake ba, tambaya nake. Ta ce, "To ka tambayi takardarka, ita ta haifa maka." Daga nan ba ta ƙara ce min uffan ba, abinci ma a kan tebur take ajiye min ta fita.

Kada ki tausasa min magana don zumunci. In akwai wata amsa ban da wadda na samu, ki gaya min da wuri.

Dehai

Guangzhou, Fabrairu 1997

Dehai,

Ina fata kuna lafiya, don ni hankalina ba a kwance yake ba. Ranar da wasiƙarka ta zo na koma ɗakin gwaji na rubuta maka amsa a tsaye, na kai gidan waya da kaina don ta same ka kafin shekara ta shiga. Yau ga ta an dawo min da ita, ba a ko buɗe ba, an rubuta a baya wai mutanen gidan sun ƙi karɓa. Wa ya ƙi karɓa?

Bari in sake faɗa maka abin da ke ciki, kuma ka buɗe kunnen nan da na taɓa murɗewa. Ban ce ba ka da komai ba, cewa na yi ƙugiyoyinmu ba su kama komai ba. In ka shiga aji ka kira suna goma sha bakwai babu wanda ya amsa, ba shi ne ya nuna ajin ba kowa ba. Yana yiwuwa akwai yaro a zaune, sunansa ne ba ya cikin waɗanda ka kira. Kurakuran ciwon nan sun fi ɗari a duniya. Mu waɗanda suka fi yawa a kudancin ƙasar nan muka ƙera wa ƙugiya, kuma ƙugiya ba ta kama abin da ba a ƙera ta dominsa ba. Wataƙila naka baƙo ne. Na riga na kai ragowar jininka wurin masu karanta rubutun harafi bayan harafi, aiki ne mai cin lokaci.

Na yi gajeren rubutu inda ya kamata in yi dogo, wannan nawa ne. Amma kai ka ɗauki layi biyu ka yanke wa matarka hukunci, da ciki a jikinta. Ka je ka ba ta haƙuri yau, kada ka tsaya haɗa wani lissafi. Ita ma zan rubuta mata, ka gaya min ko tana gidan har yanzu.

Wannan karon a ambulan ta kasuwa na sa, ba ta asibiti ba.

Shuyin

Naban, Maris 1997

Yaya Shuyin,

Lafiya lau, in ana kiran wannan lafiya. Gwiwar Inna ta lafa. An koma makaranta.

Inna ce ta mayar da wasiƙar, sai yanzu da na matsa ta faɗa. Ranar jajibere ta iso, mun riga mun manna jajayen takardun fatan alheri a ƙofa, ni kuma na tafi rafi. Mai kawo wasiƙu ya miƙo mata farar ambulan mai hatimin asibiti, ta ɓoye hannuwanta a baya. Har yanzu ba ta ga laifinta ba. Ta ce, "Farar takarda, launin makoki, ta gidan ciwo, a bakin shekara, ga mai ciki a gida? Ashe ma kai ba ka da hankali. Sa'ar gidan nan na tsare muku." Kin san mutanenmu, har a yi bikin fitilu da ke rufe hidimar shekara ba a ambaton ciwo, ba a shan magani a gaban mutane. Ban iya yi mata faɗa ba.

Amma da ta karɓa, da abin da ya faru bai faru ba. Rana ta biyu ta shekara, ranar da kowane miji ke raka matarsa gidan iyayenta, Baozhu ta shirya kwando, kaza da naɗin shinkafa da giyar mahaifinta. Ta tsaya a bakin ƙofa tana jirana. Na ce kaina ke ciwo. Ta ɗan ƙara tsayawa, sannan ta ɗora kwandon ta fita. Duk layinmu mata da maza suna tafe bibbiyu, ita kaɗai ke tafe ita ɗaya, kuma babu wanda bai gane ba. Ba ta dawo ba. Tana Banta, gidan mahaifinta Tsoho Lu mai saƙar kwando.

Kin ce in je in ba da haƙuri. Na kai har gadar hanyar Banta sau biyu na juyo. Bayaninki na gane shi, amma "wataƙila" kika rubuta, ni kuma wataƙila ba ta sa ni barci. Ko an samu baƙon kuskure a jinina, wa ya ce shi ne ke jikin Atong? Yaron yana ƙasa, ba mai tambayarsa. Haka na gaya wa wanta da ya zo kwasar kayanta. Ya dube ni ya ce, "Malam, da karatu haka yake mai da mutum, gara baunata ta noma."

Na san ba ki ji daɗina ba. Ni ma ba na jin daɗin kaina.

Dehai

Banta, Maris 1997

Yaya Shuyin,

Ina gaishe ki. Wasiƙarki ta same ni, na gode. Ina lafiya, cikin ma ya fara motsi. Ki yi haƙuri da rubutuna, aji uku na yi.

Yayana ya gaya min abin da ɗan'uwanki ya ce, wai yaron yana ƙasa ba mai tambayarsa. Na tuna a wasiƙarki ta farko da ya karanta min kin ce rubutun yana cikin nama ko ya bushe. Abin da ke cikin jan ƙyallen nan cibiyar Atong ce. Da cibiyar ta faɗi, mahaifiyata ta naɗe min, yadda ake yi, don yaro ya riƙa tuna gida. Kayansa duk an ƙona ranar da aka binne shi, hoto kuma ba mu taɓa ɗauka ba, kullum ana cewa sai ya yi ƙiba. Ita kaɗai gare ni, a cikin rigata take kwana.

Ki tambaye ta. Ni kada ki aiko min da amsa, na san ta tun ranar da na haife shi. Shi za ki aika wa.

In da hali ki ɗan gutsura kaɗan ki dawo min da sauran.

Lu Baozhu

Guangzhou, Afrilu 1997

Dehai,

Ina lafiya, ina fata Inna ma haka. Zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

An gama karanta jininka. Akwai kuskure, harafi ɗaya ne ya sauya a wani lungu da ba mu taɓa ƙera wa ƙugiya ba. Na sa an ƙera. Na jiƙa naka, ɗigo ya fito. Don in tabbatar, na huda yatsana na gwada nawa, shi ma ya fito. Ashe daga gidan bakin rafi muka ɗauko shi ni da kai, shekara da shekaru ina duba na mutane ban san ina ɗauke da nawa ba.

Baozhu ta aiko min da cibiyar Atong, ban roƙe ta ba. Ga takardarsa nan cikin wasiƙar. Ɗigo biyu za ka gani. Na hagu irin na mahaifiyarsa ne. Na dama baƙon nan ne, wanda duk shekarun da na yi a ɗakin nan ban gan shi a jinin kowa ba sai naka da nawa. Ɗanka ne, Dehai. Ka nemi hujja, ga ta, kuma ba ni da hanyar ba ka ita da daɗi.

Akwai abu biyu kuma. Na farko, cikin nan yana da kashi ɗaya cikin huɗu na samun ciwon Atong. Yanzu mun san abin da za mu nema, amma lokaci ya ƙure, sai ta zo kafin watan nan ya fita a ɗebi ruwan cikin.

Na biyu ya fi min nauyi. Ta roƙe ni in gutsura kaɗan in mayar mata da sauran. Abin ɗan ƙarami ne, ya daɗe, gutsuren farko bai ba da komai ba, na biyu ma haka. Na tsaya ina kallon ragowar, na san in na mayar ba tare da amsa ba ta yi asara a banza, in na narkar kuma ta yi asarar duka. Na narkar. Ga ƙyallen nan, ban wanke shi ba. Kai za ka kai mata da hannunka, ba zan aika ta gidan waya ba.

Shuyin

Naban, Afrilu 1997

Yaya,

Muna lafiya. Na gaya wa Inna komai, ta shiga ɗaki ba ta fito ba sai da rana ta karkata.

Na je Banta ranar sharar kaburbura. Sun dawo daga tudu ke nan, ana ta ɗibar shinkafa mai launi biyar, gidan cike da mutane. Da suka gan ni hira ta mutu. Mahaifinta bai ce in zauna ba, bai kuma ce in fita ba. Na same ta a bayan gida tana wanke ganye, cikin ya fito sosai.

Na durƙusa, na faɗi duk abin da na shirya a hanya, da wanda ban shirya ba. Ta bar ni na gama. Sannan ta goge hannunta ta ce, "Yaya Shuyin ta ba ka saƙona?" Na miƙa mata ƙyallen. Ta warware shi, ta duba, ta juya bayansa, ta bi ninkin da yatsa. Ta ce, "Duka?" Na ce duka. Ta kai shi hancinta ta daɗe, sannan ta ninke shi yadda yake, ta mayar cikin rigarta.

Ban san abin da zan yi da hannuna ba, sai na fito da takardar ɗigon na miƙa mata. Ko kallonta ba ta yi ba. Ta ce, "Riƙe abinka, Malam Nong. Kai ka samu ɗanka. Ni nawa aka narkar don ka samu."

Tunda aka haifi yaron nan Baban Atong take kirana, ko muna faɗa. Na jira in ji har na bar gidan, ban ji ba.

Za ta zo Guangzhou ranar Talata a jirgin ƙasa, wanta zai rako ta. Na ce ni ma zan zo, ta ce jirgi ba na ubanta ba ne. Na tambaye ta maganar komawa gida, ta ce ita abin da ke cikinta ne a gabanta. Ki sauke ta a wurinki, ni zan nemi inda zan raɓa. Duk abin da takardar wannan cikin ta nuna, ita za ki fara gaya wa.

Takardar Atong tana aljihuna. A aji ma, in yara sun duƙufa kan aiki, sai in fito da ita in kalli ɗigon dama. Na nemi a nuna min abin da yaron nan ya ɗauka daga wurina, an kuwa nuna min.

Ƙanenki,
Dehai